Mashi da Garkuwa a Mudu Ɗaya

Daga cikin halayen ɗan Adam da ba su buƙatar dogon bincike kafin a tabbatar da su, akwai saurin da idonsa ke yi wajen ganin wanda ya kai bugu, da nauyin da yake yi wajen ganin wanda ya kare bugu. In an tashi daga filin ƙwallon ƙafa, wanda ya jefa ƙwallo a raga shi ake ɗauka a kafaɗa. Mai tsaron gida kuwa ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ta kuɓuce masa. In an tashi daga gidan dambe, labarin wanda ya yi kisa shi ke riga kowa isa gari, amma ba mu taɓa jin an cika kasuwa da zancen wanda ya kauce wa naushi goma a turmi guda ba. Wannan hali ya daɗe tare da mu har ya zama jiki. Abin da ya sa muka tsaya muka dube shi da idon basira kuwa, wani wasa ne na kwamfuta da ya shigo majalisarmu a nan Keffi.

Majalisar tamu ta ɗalibai ce da 'yan ƙananan ma'aikatan jami'a, mukan haɗu bayan sallar isha'i a teburin wani mai shayi. Ɗaya daga cikinmu, wanda ke karatun lissafi, shi ya zo mana da wasan a cikin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Sunansa Out of the Park Baseball, wani Bajamushe mai suna Markus Heinsohn ne ya fara fitar da shi a 1999. Ba irin wasan nan ba ne da ake danna maɓalli ɗan wasa ya ruga a guje. A nan mutum shugaban ƙungiya ne: shi ke sayen 'yan wasa, shi ke sayarwa, shi ke ba kowa gurbinsa a fili, sa'an nan kwamfuta ta buga wasannin kaka guda bisa lissafin ƙarfin kowane ɗan wasa da rauninsa. Da yake kwamfutar ɗaya ce mu kuwa muna da yawa, sai muka kafa ƙungiya guda ta tarayya, muka yi sharaɗin ba a saye ba a sayarwa sai da shawara.

Ya kamata mu ɗan yi wa mai karatu bayanin besbol, domin baƙo ne a ƙasar Hausa, ko da yake yana cikin wasannin da aka yi a gasar ƙasashen Afirka ta 2003 a Abuja, kimanin kilomita 50 daga inda muke zaune. Ƙungiyoyi biyu ke karawa, kowacce da mutum 9 a fili. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaro. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai bugu ya make ta da kulki, sa'an nan ya ruga ya bi zango uku ya komo inda ya tashi; wanda ya kammala wannan zagaye ya ciwo wa ƙungiyarsa maki guda. Masu tsaro kuwa aikinsu su cafke ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa, ko su aika da ita zango kafin mai gudu ya isa, sai a ce an fitar da shi. In an fitar da mutum 3 sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro. Haka za a yi har turmi 9. Ke nan kowane ɗan wasa yana da aiki biyu a wuyansa, bugu in layi ya zo kansa, da tsaro in an juya. A babbar gasar Amurka kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, don haka ƙaramin aibi in ya yi ta maimaituwa yakan zama babbar asara.

To, ana cikin haka sai kwamfuta ta kawo mana tallan wani ɗan wasa. Makin bugunsa ya kusa ƙurewa sama, makin tsaronsa ya kusa ƙurewa ƙasa. Gurbin da ya saba tsayawa kuwa shi ne tsakanin zango na biyu da na uku, inda ƙwallaye masu wuya suka fi bi. A wannan gurbi muna da wani bawan Allah mai hannu kamar danƙo, ƙwallo ba ta wuce shi, amma in ya riƙe kulki sai ka ce bai karya kumallo ba. Nan take majalisa ta rabu biyu. Ɓangare guda suka ce, “Jama'a, da maki ake cin wasa, ba da cafke-cafke ba. A kawo mai ƙarfi.” Ɗaya ɓangaren suka ce, “Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Me za mu yi da tulun da ake zuba ruwa ta sama yana yoyo ta ƙasa?” Dare uku muka yi muna wannan ja-in-ja, shayi yana hucewa a kofi.

Akwai wani dattijo mahauci da kan zauna a gefen bencinmu, wanda ya ɗaura kara a zamanin ƙuruciyarsa. A dare na uku, da ya gaji da hayaniyarmu, sai ya nemi a bayyana masa abin da ake musu a kai. Da aka gama sai ya yi murmushi ya ce, “'Ya'yana, ni ban san wasan Turawanku ba. Amma a fage mun san mai nauyin hannu wanda fuskarsa ke buɗe. In ya riga ka, ka sha ƙasa. In ka riga shi, ya sha ƙasa. Mu ba mu tambayar wane hannu ya fi wani. Abin da muke tambaya shi ne, a cikin karo goma, sau nawa ake riga shi?” Muka ce, “Baba, ka raba gardama.” Gaskiya bai raba ta duka ba, amma ya ɗora mu bisa hanya, domin ya mai da baƙon wasa zuwa ga wanda muka tashi muka tarar.

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe, ko na Ali Zuma da ya yi suna a Dei-Dei, ko na Marabar Nyanya a kan hanyarmu ta zuwa Abuja, ko dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano, ya san yadda ɗan dambe ke tsayawa. Hannu ɗaya an naɗe shi da ƙyalle an ɗaure da kara, an ja shi baya ana dakon lokaci. Shi ne ake kwatantawa da mashi. Ɗaya hannun kuwa a miƙe yake gaba, tafi a buɗe, yana auna tazara, yana ture naushi, yana tare wa abokin karo gani. Shi ne garkuwa. Turmi 3 ake yi, in hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. 'Yan kallo, ko na Kudu ne ko na Arewa ko Guramada, idonsu na kan hannun kara, kuma makaɗa ma shi suke wasawa. Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya dawwamar da sunan Shago da na Ɗandunawa a bakin Hausawa, kuma abin da ya fi zama a zukatan masu sauraro shi ne ƙarfin hannu da yawan kisa. Amma tsofaffin fage sun san cewa babu wanda ke daɗewa yana kisa sai wanda ya daɗe ba a kashe shi ba. Ba banza ba, a cikin laƙabban 'yan dambe, bayan Shagon wane da Bahagon wane da Autan wane, ake samun Garkuwan wane, kamar yadda ake samun sarautar Garkuwa a fadojin ƙasar Hausa.

Maganar dattijon nan, in aka juya ta zuwa harshen lissafi, ita ce ainihin abin da masu nazarin besbol suka yi shekaru suna faɗa. Ba a auna bugu da mudu ɗaya a auna tsaro da wani. Makin da ɗan wasa ya ciwo da kulkinsa da makin da ya hana abokan hamayya ci da hannunsa, darajarsu ɗaya ce a kan allo. Mu ƙaddara mai ƙarfin nan zai ƙara mana maki 30 a kaka bisa abin da matsakaicin ɗan wasa zai kawo, amma ƙwallayen da za su wuce shi za su jawo mana asarar maki 20. Ribarsa 10 ke nan. Mu ƙaddara kuma mai danƙon hannu zai rage mana maki 8 da raunin bugunsa, amma ya tare mana 15. Ribarsa 7. Tazarar da ido ya gani kamar tsakanin sama da ƙasa, a mudu ba ta wuce maki 3 ba. Masana wasan kuwa sun ƙiyasta cewa sai an tara kimanin maki 10 kafin a ce an ƙara nasara guda a kaka. In aka haɗa da tsadar mai ƙarfi, domin kasuwa ma ido gare ta irin namu, sai ciniki ya canja kama.

Abin da ke ruɗin mutane a nan shi ne, bugu yana da shaida, tsaro kuwa ba shi da ita. In mutum ya make ƙwallo ta haye katanga, kowa ya gani, an rubuta. In mai tsaro ya yi jinkirin taku ɗaya ƙwallo ta wuce ta gefensa, ba a rubuta masa laifi, sai a ce mai bugu ne ya iya, ko kuwa mai jifa ne ya yi sakaci. Haka kuma gwani wanda ya riga ƙwallo isa wurin da za ta bi, ya cafke ta ba tare da ya faɗi ko ya yi tsalle ba, sai a ga kamar aikin mai sauƙi ne. Wato gwanintarsa ita ke ɓoye shi. Tun kafin zamanin kwamfuta masu ƙirƙirar wasannin kwaikwayon besbol suka yi fama da wannan matsala. A 1961 wani Ba'amurke, Hal Richman, ya fitar da Strat-O-Matic, wasan kati da ƙwayoyi irin na lido. Kowane mai bugu yana da katinsa cike da ginshiƙan lambobi, haka kowane mai jifa, amma faɗin filin da mai tsaro ke iya karewa an taƙaita shi a lamba guda, 1 ga gwani, mafi girman lamba ga mai rauni. Mai wasa yakan duba katin bugu a kai a kai, lambar tsaro kuwa sai jifa-jifa take tasowa. Amma duk wanda ya cika tsakiyar filinsa da masu babbar lamba, kafin kaka ta ƙare zai ji a jikinsa.

Tarihin wasan na gaske ya ba kowane ɓangare na majalisarmu hujja. Masu son garkuwa suna da ƙungiyar Tamfa Be ta jihar Fulorida. A 2007 ta ci wasa 66 kacal, an zura mata maki 944. Da ta gyara masu jifa ta kuma sauya masu tsaron muhimman gurabe, a 2008 makin da aka zura mata ya sauko zuwa 671, ta ci wasa 97, ta kai har zagayen ƙarshe na gasar. Abin mamaki, makin da ita ta ci bai ƙaru ba, ya ma ɗan ragu, daga 782 zuwa 774. Toshe yoyo kaɗai ya ɗaga ta daga ƙasa zuwa sama. Mu ma nan gida muna da abin tunawa: a gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa, Nijeriya ta doke Sifen da ci 3 da 2 muka kwana muna murna, bayan mako biyu Denmak ta zura mana 4 muka rama 1.

Masu son mashi kuma suna da ƙungiyar Okland ta 2002, wadda Billy Beane ya jagoranci harkokinta, har Michael Lewis ya rubuta littafin Moneyball a kanta a 2003. Sun ɗauko Scott Hatteberg, wanda aikinsa a da shi ne tsugunawa bayan mai bugu yana karɓar jifa, amma ciwon gwiwar hannu ya raunana masa jifa. Ba su dubi abin da ya rasa ba, sai suka dubi iyawarsa ta isa zango, suka koya masa tsaron zango na ɗaya inda ba a cika buƙatar dogon jifa ba. A watan Satumba na shekarar, shi ne ya make ƙwallon da ta ba su nasara ta 20 a jere. Darasin da ke nan ba wai tsaro ba shi da amfani ba ne. Darasin shi ne, gurabe ba su zama ɗaya ba. Raunin da zai kashe ƙungiya a tsakiyar fili, a gefe ana iya jure shi. Amurkawa ma har doka suka yi saboda irin waɗannan mutane: daga 1973 ɗaya daga cikin manyan rukunansu biyu ya yarda a sa mutum guda da aikinsa bugu kaɗai, ba ya fita tsaro, ɗaya rukunin kuma ya rungumi dokar dindindin a 2022. A wannan gurbi ne David Ortiz na Boston ya yi yawancin rayuwarsa ta wasa.

A nan ne besbol da dambe suka raba hanya, kuma a nan ne muka ga abin da ya fi wasan kansa muhimmanci. Ɗan dambe shi kaɗai ne a fage. Jikin da ke ɗauke da mashi shi ke ɗauke da garkuwa. Ba shi da wani gurbi da zai ɓoye buɗaɗɗiyar fuskarsa, ba kuma wanda zai karɓar masa naushi. Dole ya gyara kariyarsa ko ya sha ƙasa. Ɗan ƙungiya kuwa yana da 'yan'uwa 8. Rauninsa yana iya zama nauyin da wasu za su ɗauka, muddin shugaba ya san inda zai ajiye shi, kuma muddin akwai masu ɗaukar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana. Amma kada a manta, mai ƙarfin da aka ɓoye wa rauni bashi ya ci, kuma waɗanda ba a tafa musu su ke biya masa.

Ko garin da muke zaune a ciki yana da abin cewa a wannan batu. Abdu Zanga ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19, kuma sunan garin daga kalmar kafi ya samo asali, wato shingen itatuwa da ake yi don kariya. Amma in an ambaci Keffi a littattafan tarihi, abin da ke fara zuwa shi ne bugu guda: yadda Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni a 1902, ya nufi Kano, ya ƙare rayuwarsa a Burmi a 1903 tare da Sarkin Musulmi Attahiru. Jarumtakarsa ta cancanci a tuna da ita. Sai dai waɗanda suka sare itace suka kafa shingen da ya ba garin suna, waɗanda suka kwana tsaye a bakin ƙofa shekara da shekaru don jama'a su yi barci, babu mawaƙin da ya riƙe mana sunayensu. Haka tarihi yake, ido gare shi irin na 'yan kallon dambe.

A ƙarshe shawarar da majalisa ta tsayar ita ce, mu sayi mai ƙarfin nan amma kada ya taka tsakiyar fili. Muka ba shi gurbin bugu kaɗai, ran da aka matsu ya tsaya zango na ɗaya, muka bar mai danƙon hannu a inda yake. Ba kyauta muka sami wannan ba, domin sai da muka rabu da wani tsohon ɗan wasa da muke ƙauna don a sami gurbi da kuɗi. Da kaka ta ƙare ƙungiyar ta ɗaga sama kaɗan, kuma har yau kowane ɓangare yana cewa nasa gwanin ne ya ɗaga ta.

Abin da ya rage mana a zuci ya wuce allon kwamfuta. A kowace ƙungiya ta ɗalibai muna da masu mashi: gwanayen magana da ke tashi a taro su girgiza zaure, masu ƙwaƙwalwa da ke kawo sabon tunani amma ba su iya riƙe lokaci ko takarda ba. Muna kuma da masu garkuwa: wanda ke riƙe littafin kuɗi ba a taɓa samun gibi ba, wadda ke rubuta bayanin taro, wanda ya kwana yana duba ƙugiyar ƙa da ɗa da ɓa a shafukan wannan mujalla don kada a yi mana dariya. In lokacin zaɓe ko na karramawa ya zo, mun san wa ake kira. Ba muna cewa a kori masu mashi ba ne, domin ƙungiyar da ba ta da mai bugu ba ta cin wasa, iyakarta ta jinkirta faɗuwa. Muna cewa ne a auna su duka a mudu ɗaya, a tambayi abin da mutum ya kawo, a kuma tambayi abin da ya zube ta gefensa, sa'an nan a ba kowa gurbin da ƙarfinsa zai yi amfani rauninsa bai yi ɓarna ba. Mai zaƙin baki wanda hannunsa ba ya riƙe lissafi, a ba shi lasifika, a nisanta shi da asusu.

Akwai kuma iyaka. Raunin hannu ana iya ɓoye shi a gefen fili, amma raunin amana ba shi da gurbi, domin duk inda aka ajiye shi tsakiyar fili ne. Kuma kowannenmu yana da ranar da zai tsaya shi kaɗai kamar ɗan dambe, a zauren jarrabawa, ko gaban iyali, ko gaban Mahalicci, inda babu mutum 8 da za su cafke abin da ya wuce shi. Saboda wannan rana, wanda Allah ya ba nauyin hannu ya daure ya koyi kariya, wanda ya iya kariya kuma kada ya raina kansa don ba a buga masa kalangu ba. Allah ya ba mu idon da ke ganin aikin da ba ya ƙara, ya kuma sa mu iya ajiye kowa a inda ya dace da shi, amin.